Garmar Da Ban Nuna Wa Yaya Ba

Nura, tun ranar da ka dawo daga bikin nan na Babura kana shan kunu na san an gaya maka wani abu. Ba ni ka faɗa wa ba, uwarka ka faɗa wa, ita kuwa magana ba ta wuce la'asar a cikinta. Wai ɗan Baffanku Sale ya ce maka a gaban mutane ubanku ne ya kori ubansu daga gidan gado, ka so ka kai masa hannu aka riƙe ka. To, gara da aka riƙe ka, domin yaron nan bai yi ƙarya duka ba, bai kuma faɗi gaskiya duka ba. Cikin manyan da suka ga abin da idonsu, ni da uwarku kaɗai muka rage. Ga shi gwiwoyi sun ƙi, likita ya hana ni tsayuwa gaban wutar walda, ni kuma zama haka kawai ya fi ciwon cina. Shi ya sa na ce a kawo mini takarda da biro. Ku karanta, kai da ƙannenka, sannan kowa ya yanke hukuncin da ya ga dama.

Gidanmu gidan maƙera ne tun kaka da kakanni, nan Kazaure a gindin dutse. Kakanmu fartanya da gatari da lauje ya ƙera. Babanmu shi ya fara garmar shanu, lokacin da huɗa da bijimai ta yaɗu a ƙauyukanmu. Da ya rasu ya bar mu biyu a rumfar, ni da Yaya Sale, wanda ya girme ni da shekara tara. Ba ku san shi da ƙarfinsa ba. Mutum ne da in ya sa ƙarfe a wuta zai zauna ya zuba masa ido, ko gari na ƙonewa ba zai ɗaga kai ba sai launin da yake jira ya fito. Ni kuwa Allah bai ba ni wannan ba. Inna, kakarku, takan ce ko a goye ban taɓa barin ta ta yi daka cikin kwanciyar hankali ba. Ina saurayi na gudu Kano na yi shekara huɗu a wurin masu walda, na ga yadda ake yanka ƙarfe ɗari a kan awo ɗaya kowanne ya shiga gurbin ɗan'uwansa. Na dawo gida da injin walda tsoho da kai cike da surutu.

Akwai al'adar gidanmu da ya kamata ku sani, don a kanta komai ya rataya. Babu wata sabuwar ƙira da za ta fita daga rumfarmu sai babban gida ya sa mata hannu. Ba takarda ake sa wa hannu ba. Za ka kawo abin ka ajiye a gabansa, ka durƙusa. Shi zai ɗauka ya juya, ya duba, in ya gamsu ya ɗora shi a kan uwar maƙera ya buga masa masaba sau ɗaya, ya ce Allah ya sa albarka. Daga nan abin ya zama na gidan, kowa na iya yin sa ya sayar. In bai gamsu ba ya tura maka abinka da ƙafa, ka ɗauka ka koma. Haka kakanmu ya yi wa Baba, haka Baba ya yi wa Yaya. Da Baba ya kwanta dama masabar ta koma hannun Yaya, ba wanda ya yi gardama, har da ni.

Garmar da Baba ya bar mana kyakkyawa ce, ba zan ci amanarta ba. Amma in ka kwance ta ka baza a ƙasa, guntu ashirin da shida za ka ƙirga. Noti iri biyar, kowanne da sifanarsa. Kunnen dama daban, na hagu daban. Bakin da ke tsaga ƙasa, da wuyan da ke riƙe shi, da kunnuwan da ke kifa ƙasar, da mariƙai biyu, duk Yaya ne yake ƙera su a wuta da hannu, da ido yake awo. Ni nawa in ɓula, in yi walda, in ɗaure. Kwana huɗu muke yi a kan garma ɗaya. Kuma tunda ido ne ma'auni, babu garma biyu da suka zo ɗaya. In kunnen taka ya karye, ba za ka ari na maƙwabcinka ba, ba zai shiga ba. Dole ka ɗauko garmar ɗungurungum ka kawo mana Kazaure a ƙera mata nata.

Shekarar da nake ba ku labari, ana tsakiyar huɗar gyaɗa, an yi ruwa mai kyau kwana biyu da suka wuce, sai ga wani dattijon Bafulatani, Malam Buba, daga wani ƙauye bayan Gwiwa. Tsohon abokin cinikin Baba ne. Ya ɗauro garmarsa a bayan keke, rabi hawa rabi turi, rana ta take, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya jingine keken, ya zube a inuwa, sai da ya shanye kwanon ruwa kafin ya iya gaisuwa.

"Malam Sale," in ji shi, "garmarku ta fi amarya son a lallaɓa ta."

Me ya faru? Noti ɗaya ne, ƙaramin da ke riƙe kunnen hagu, ya kwance ya faɗa cikin rairayi. Shi da 'ya'yansa sun tankaɗe kunya guda da hannu ba su gan shi ba. Ya je wurin mai gyaran keke a Gwiwa, babu irinsa. Ya ɗaure da waya, kunnen ya karkace ya tsage. Yaya ya hura wuta, ya zauna ya ƙera masa sabon kunne tsaf, aikin da ya kai mu bayan la'asar. Malam Buba yana zaune yana kallon sama, yana kallon wutar, yana murza hannu. Da zai tafi ya ce:

"Yau ta tafi, gobe ma sai na huta. Laimar nan ba za ta jira ni ba. Bijimai na can suna cin ciyawa a banza."

Yaya ya ce masa sai haƙuri, ya koma kan aikinsa. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai. Mutum ya yi asarar kwana biyu na damina saboda noti ɗaya da bai kai ƙwayar gurjiya ba! Da muka zauna cin tuwo na ce:

"Yaya, me zai hana mu rage wa garmar nan kaya? Noti iri biyar na mene ne? Kunnuwan nan ma, ai ana iya yin su iri ɗaya."

Bai ko ɗago ba. Ya gutsuri tuwo ya ce, "Haka Baba ya bar ta, Iro."

"Ai Baba ma ba haka ya tarar ba. Fartanya ya tarar."

"Ci tuwonka," in ji shi.

Shi ke nan maganar da muka yi. Ku lura da kyau: magana na kawo masa, ban kawo masa garma ba. Amma ni a raina na riga na yanke cewa ya ƙi, kuma zai ƙi har abada.

Daga ranar abin ya hana ni sakat. Ina salla ina ganin kunnen garma, Allah ya yafe mini. Ina tafiya a hanya ina zane a tafin hannu. Na samu wani abokina mai walda a bayan tasha, na ce ya ba ni kusurwa a shagonsa, kullum bayan azahar sai in ce wa Yaya zan je neman ƙarfe. Na kwance wata tsohuwar garma na baza guntayen a ƙasa, na riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya ina tambayar kaina ko na kusa da shi zai iya ɗaukar aikinsa. In zai iya, sai in jefar da shi gefe. Mariƙai biyu da sanduna biyu da ke haɗa su da noti huɗu, na maye su da bututun ƙarfe guda ɗaya da na lanƙwasa. Wuyan da Yaya ke yini yana bugu, na yanko guntun ƙarfe mai kusurwa na liƙa shi da walda, ya zauna daram. Kunnuwa su suka fi ba ni wuya. Na ɓata kwali ya fi a ƙirga, na ɓata fallen ƙarfe uku, kafin na samu yankan da in ka juya shi ya zama na dama, ka sake juyawa ya zama na hagu. Noti kuwa na bi masu gyaran babur na Kazaure ɗaya-ɗaya ina tambaya wanne ne ba ya yankewa a akwatinsu, shi na ɗauka, shi kaɗai, ko'ina a jikin garmar. Ƙusar da ke ɗaga tayar gaban garmar da sauke ta na ɗaure ta da 'yar sarƙa don kada rairayi ya sake cin wani. Sannan na yi wa kowane guntu samfur na ƙarfe mai ramuka, yadda ko wa ya ɗora ya yanka ya ɓula, abu ɗaya zai fito. Bakin ma na yanke shi daga fallen ƙarfe mai kauri na wasa shi, ban kai shi wuta ba. Da na gama na ƙirga, guntu tara. A yini ɗaya mutum zai haɗa biyu, kuɗinta kuma ya sauko inda mai ƙaramin ƙarfi zai iya kaiwa.

Wallahi ranar na yi murna har ina magana ni kaɗai. Abin da ban tsaya na duba ba, ko kuma na gani na kawar da kai, shi ne cikin guntayen nan tara babu ko ɗaya da ke bukatar wutar Yaya.

Uwarku Hajara, lokacin tana goyon ka, Nura, ita ta fara ganewa. Na shigo da rana ina ta zuba mata bayani, ina zana mata a ƙasa da tsinke. Ta bari na gama ta ce:

"To, Malam, Yaya ya gani?"

"Zai gani."

"Yaushe?"

"In ta yi aiki a gona. In na kai masa yanzu da ƙafa zai turo mini ita."

"Ya turo mana. Ƙafar yayanka ce, ba ta wani ba."

Na ce mata ba ta san ƙarfe ba. Ta ce gaskiya ne, amma ta san gidan nan. Na buga tsaki na fita. Kun san ta, har yau ba ta taɓa ce mini ai na faɗa maka ba.

Ranar kasuwar Gwiwa na ɗaure guntayen tara cikin buhu, na ɗora a bayan babur na kama hanya tun da hantsi. Gonar Malam Buba na fara zuwa. Na zazzage buhun a gabansa, na miƙa masa sifana ɗaya na ce ya haɗa da kansa. Ya dube ni ya ce shi makiyayi ne, ba maƙeri ba. Na ce ya gwada. Kafin a tatse saniya biyu ya haɗa ta, ko kunne bai saka a juye ba, tunda ba ta da juye. Aka ɗaura wa bijimai, ta shiga ƙasar nan mai laushi tana kifa ta sumul. Tsohon nan ya bi bayanta yana dariya yana kabbara. Da na tsaya a nan, na dawo gida na ajiye ta gaban Yaya, da wataƙila ba na rubuta wannan takarda. Amma ina! Kaina ya riga ya yi zafi. Malam Buba ya ce mu kai ta kasuwa mutane su gani, ni kuma ko musu ban yi ba. A tsakiyar kasuwa na kwance ta na haɗa, na sake kwancewa na ba wani ya haɗa. Jama'a suka yi dafifi. Ana tambaya ƙirar ina ce, ina cewa ta gidan maƙeran Kazaure. Kafin la'asar mutum goma sha ɗaya sun ce a yi musu.

Labari ya riga ni isowa gida. Ban sani ba, ashe wani dillalin shanu da ya baro kasuwar da wuri ya haɗu da Yaya a masallacin unguwa, ya kama hannunsa a gaban liman da dattawa yana yi masa barka da sabuwar garma. Da na iso na tarar da shi zaune a rumfa, wuta a kashe, hannuwansa a kan gwiwa. Na gaishe shi ya amsa. Na fara kwance buhun, ina cewa ga wani abu na kawo ya gani.

"Bar shi a ɗaure," in ji shi. "Gwiwa ta riga ta sa masa hannu."

"Yaya, gwaji ne kawai na je yi."

"An yi mini barka a masallaci, Iro. Aka ce wai kunnuwanta iri ɗaya ne, aka ce in yi bayani. Ka san abin da na ce? Na ce alhamdu lillahi. Na tsaya a ɗakin Allah, da furfurata, ina murmushi a kan abin da ban taɓa gani ba, don kada a ce ƙanena ya maishe ni hoto a gidan ubana."

Maimakon in durƙusa, sai bakina ya riga hankalina. Na ce ai na kawo masa maganar ya ce in ci tuwo. Na ce mutane na asarar damina muna nan muna riƙe da noti biyar saboda Baba. Na faɗi abubuwa da yawa, kuma yawancinsu gaskiya ne, abin da ya ƙara ɓata su ke nan. Inna ce ta leƙo daga zaure, ta tsufa sosai lokacin, tana dafa bango. Ba ta kiran sunan Yaya, ɗan fari ne, sai dai ta ce Babba.

"Iro, muryar wa nake ji a kan ta Babba? Ni dai ban haifi wanda zai ɗaga masa murya ba. Ka ba shi haƙuri yanzun nan."

Na ce, "A yi haƙuri," ina kallon gefe, irin haƙurin da ake bayarwa don a rufe bakin tsohuwa. Yaya ya tashi ya shige gida.

Bai hana ni yin garmar ba, bai kuma sa mata hannu ba. Na jawo injina na dawo da aikin rumfarmu, ina yanka ina ɓulawa ina walda daga safe har magariba. Masu saye suna zuwa daga Gwiwa, daga Roni, har daga Babura, su wuce Yaya a zaune su gaishe shi cikin ladabi, su zo wurina. Da farko yana hura wuta kullum, ya yi lauje, ya yi 'yan gyare-gyare. Daga baya sai kwana biyu, sai ranar da aka kawo tsohuwar garma. Gawayin da muke saye buhu-buhu ya zauna har kaji suna ƙwai a bayansa. Ina ganinsa ta gefen ido yana share uwar maƙera da tsumma, ƙarfen da babu abin da ya taɓa shi tun safe. Abin yana damuna, kada ku ce ba ya damuna. Sai dai duk lokacin da na ce yau zan zauna da shi, sai wani ya zo da aiki, ni kuma in ji daɗin samun dalili. Na taɓa ce masa ya zo ya riƙa yanka mini kunnuwa a kan samfur, wai ni a dole na nemo masa abin yi. Ya dube ni ya ce:

"Wannan ai ko makaho ya yi."

Na ce ai amfanin abin ke nan. Kai, bakina!

Bayan an gama girbi, wata safiya na fito na tarar da a-kori-kura a ƙofar gida. Mutum huɗu suna ciccibar uwar maƙera, wadda tun zamanin kakanmu ba ta taɓa motsawa daga gurbinta ba. Yaya zai koma Babura, garin surukansa. Ya ce can mutanen ƙetaren iyaka suna shigowa neman hauya da gatari da wuƙa, har yanzu suna son abin da aka buga da hannu. Inna tana zaune a zaure tana kuka marar sauti. Ta kama bakin rigata ta ce:

"Ka ce masa ya zauna. Kai yake jira ka ce."

Na tsaya a bakin rumfa da sandar walda a hannu. Na ga an fito da zugazugi, an fito da masaba da awartaki, an fito da matarsa da yara. Ya zo ya tsaya kusa da ni yana gyara hula, ya daɗe yana gyara ta. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Allah ya kiyaye hanya." Ya ce amin. Wannan ita ce korar da ake faɗa muku. Ban ce ya tafi ba, Allah shaida ne. Amma an ce in ce ya zauna, na ƙi cewa, saboda a raina ina ganin in na ce haka na yarda ni ne mai laifi.

Damina ta zagayo, sai Roni ta ba ni amsa. Ƙasar Gwiwa da Babura rairayi ce, bakin garmata yana shiga lafiya. Ƙasar wajen Roni kuwa tsakuwa ce da dutse. Cikin mako uku aka fara dawo mini da bakuna, wani ya lanƙwashe, wani ya cinye ya zama kamar cokali. Na sa falle mai kauri, garmar ta yi wa bijimai nauyi. Na yanko sifirin mota, ya ƙi ɓuluwa, na gasa shi da kaina na tsoma a ruwa, ya fashe a dutsen farko. Na san yankan ƙarfe da liƙa shi, amma ba shi wuta da ruwa daidai yadda zai yi tauri bai yi gautsi ba, wannan sai wanda ya iya zama ya jira launi. Na yi sati ina zagaye rumfa ina faɗa da kowa. Hajara ta ajiye mini abinci ta ce motar Babura dai ba ta daina tashi ba.

Na same shi a wata 'yar rumfar zana a gefen kasuwar dabbobi, ana ciniki da sefa, kuɗin ƙetaren iyaka, a kusa da shi, ya rame kaɗan. Ya karɓe ni kamar jiya muka rabu, ya tambayi Inna, ya sa aka kawo fura. Sannan na kwance buhun, na haɗa garmar a gabansa. Karo na farko ke nan da ya gan ta kusa, don a gida ko kallon inda take ba ya yi. Ya ɗauka, ya juya, ya cire kunne ya mayar a ɗaya gefen, ya sake cirewa. Ya daɗe. Ya taɓa wani ɗan ƙarfe da na sa ya tokare mariƙi ya ce:

"Wannan zaman banza yake. Ka ƙara wa bututun lanƙwasa kaɗan a nan, zai riƙe kansa."

Na duba, wallahi haka ne. Wata nawa ina kallon abin ban gani ba. Ya ɗauki bakin da ya lanƙwashe ya yi 'yar dariya, ya ce in bar masa samfurin ramukan, zai riƙa ƙera mini bakuna da sifirin mota yana ba direba ya kawo. Na ce to ya dawo gida mana, ga rumfa can, aikin ya fi sauƙi. Ya girgiza kai.

"Garmarka ta yi, Iro. Ta fi ta Baba. Tun ranar da na ji an ce kunnuwanta ɗaya na san ta fi."

"To me ya sa, Yaya?"

"Da ka kawo mini ita, da na tura maka da ƙafa. Da ka sake kawowa, da na sake turawa. A na uku da na ɗauki masaba. Haka Baba ya yi mini, haka aka yi masa. Turawar nan ba ƙi ba ce, a ga ko kana ganin mutum ne. Kai kuma ba ka iya jira ba."

Kalmar tana bakina, ka yafe mini, kalma uku. Sai direban motar Kazaure ya danna oda a bakin titi, yaran mota suna ihun saura mutum ɗaya. Na miƙe na ce, "To, sai bakunan sun iso." Na ruga na shiga mota, har ina jin daɗin na samu wuri.

Shekara goma sha ɗaya yana aiko mini da bakuna, ɗaure da igiya cikin buhun taki, ba a taɓa dawo da ko ɗaya daga Roni ba. Garmar da ta ciyar da ku ta kai ku makaranta, guntu takwas ce, kuma wanda ke shiga ƙasa na Baffanku ne. Ya zo jana'izar Inna ya koma a ranar. Ina zuwa Babura da salla, mu zauna mu yi hirar ƙarfe da tsadar gawayi. Kowane zuwa da niyyar neman yafiyarsa nake tafiya, kowane zuwa in ce sai na gaba, yau akwai mutane, yau yana cikin raha kada in ɓata.

Da aka aiko cewa jikinsa ya yi tsanani, na bar aiki a kan tebur na tafi. Na same shi kwance a ɗaki da rana tsaka, idonsa a buɗe yana kallon rufi. Na durƙusa a gefen gadon, na kama hannun nan nasa mai kanta, na ce:

"Yaya, ni ne Iro. Ka yafe mini."

Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa da yaran. Ta ce, a hankali, tun jiya da safe ba ya ji, ba ya kuma gane kowa. Na matsa bakina kusa da kunnensa na sake faɗa da ƙarfi, na kuma sake, har ta zo ta dafa kafaɗata ta ce ya isa. Na zauna a wurin ban motsa ba har aka kira la'asar, ina jira ko zai matsa hannuna. Bai matsa ba. Washegari da hantsi muka kai shi makwancinsa.